Hoton da Na Ba Hajo Aro

Batsari, ranar Laraba bayan la'asar.

Zuwa ga 'yar Goggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina gajiyar shirin tafiya? Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ko da yake tsakanin ɗakina da na Goggonki bai fi taku goma ba, kuma ɗazun nan na ga kin wuce da bokiti. Allah Ya tsare hanyar da za ki bi ran Asabar, Ya rufe idon mugu daga motar da za ki shiga, Ya sauke ki a makaranta cikin aminci, Ya haɗa ki da mutanen kirki.

Kada ki yi dariya don na rubuto miki takarda muna gida ɗaya. Ke ce ta fari, kuma haka muka tarar iyayenmu na yi, uwa ba ta zaunar da ɗan fari ta yi hira da shi ido cikin ido. In na buɗe baki a gabanki maganar sai ta maƙale. To ga ranar karatun yaƙi da jahilcin da na yi, wanda babanku yake tsokanata da shi yana cewa rubutuna kamar kaza ta bi ta kan gari. Ki daure ki karanta haka nan.

Goggonki Asabe ta gaya mini abin da kika ce. Wai ba za ki tafi makarantar koyon unguwarzoma ba sai kin ji abin da hoton asibiti ya nuna a jikina, in kuma ciwon yana nan kin fasa karatun, za ki zauna jinya. To amsar tana cikin takardar nan. Amma na san halinki, tun kina ƙarama ba ki iya jiran tuwo ya huce ba, yanzu za ki tsallake zuwa shafin ƙarshe. Kada ki kuskura. Ki bi ni a hankali ki ji wautar da uwarki ta tafka, don ita ce guzurin da nake da shi da zan ba ki.

Kin san shekarar da muka baro ƙauye. Ke kina nan wurin Goggo tun yaye, ba ki ga abin da muka gani ba, ni kuma ban taɓa ba ki labari ba. Da hantsi 'yan bindiga suka shigo, muna gona muna maimai. Babanku ya yi gabas da ƙannenki, ni kuwa ƙafata ta kai ni kwalbatin nan na hanyar Ruma, na shige rub da ciki. Ashe Hajo ta riga ni shiga. Hajo dai kin san ta, Bafulatanar nan doguwa da take kawo mana nono da man shanu tun ba a haife ki ba. Muka kwanta kai da ƙafa, harbi na tashi a kanmu, babura na bi ta saman kwalbatin, ƙasa na zubo mana a ido. Har azahar ba wadda ta yi ko tari. Da muka fito ta riƙe hannuna ta ce, "Rabi, yau ni da ke uwa ɗaya ta haife mu." Ki riƙe maganar kwalbatin nan, za ki ga inda ta sake tare ni.

Bayan mun dawo Batsari da kamar wata biyu na fara ganin jini ba lokacinsa ba. Na ce firgita ce, ai kowa ya san firgita na tsinka wa mace jini. Daga baya sai wani ruwa mai ƙarni ya biyo. Na sha sassaƙe, na sha jiƙo, na zauna cikin ruwan bagaruwa har na gaji. Tsummokarana a ɓoye nake wankewa, in shanya a bayan ɗaki in rufa zane a kai. Shekara guda cur ina wannan aiki. Wa zan gaya wa? Babanku na fama da abin da za a sa a tukunya, gonarmu ta gagara zuwa, hatsi ya yi tsadar da ko a mafarki ba mu taɓa gani ba. Ke kuwa, ina ni ina yi miki maganar abin da ke ƙasan cibiya?

Sai ran da na faɗi a bakin turmi. Goggo ta zo ɗaga ni ta ga zanena.

Ta ce, "Rabi, tun yaushe?"

Na ce, "Kwana biyu ne, Yaya."

Ta ce, "Kwana biyu ne ke sa mutum ya yi fari fat kamar an wanke shi da toka? Ki raina wa wani hankali, ba ni ba. Tashi mu je."

Ga abin da zan ce miki a nan. Jinin da ya zo ba lokacinsa ba, ko bayan kwanciyar aure, ko bayan mace ta daina al'ada, ba a yi masa kawaici. Ban ce ki yar da kunya ba, kunya na da wurinta, ni ma da ita zan mutu. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In abu ya same ki a can inda ba ni ba Goggo, ki nemi mace mai hankali ki faɗa mata a ranar, kada ki bari ya kwana.

Daga asibitin nan na Batsari aka tura mu Katsina, daga can aka sake tura mu wani babban asibiti, tafiyar yini guda. Nan aka ba abin suna: sankarar bakin mahaifa. Likitar da aka haɗa ni da ita mace ce, 'yar siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta ce kafin a fara magani sai an ɗauki hoton cikina, a ga girman ciwon da inda ya kai. Injinsu ya lalace a lokacin, sai ta rubuta mana takarda zuwa wani wuri a cikin gari.

Ni da na ji an ce hoto, na ɗauka irin sikanin da ake yi wa masu ciki ne, a shafa miki mai a mara a goga. Ashe wani ne daban, Em-Ar-Ai suke ce masa. Aka sa na cire 'yan kunne da zobe da awarwaro, har fil ɗin da nake maƙale ɗankwali, wai injin ba ya shiri da ƙarfe. Aka kwantar da ni a wani siririn gado, gadon ya ja ni cikin wani rami zagayayye, rufinsa na kusa da hancina. Na ce a raina yau ga ni a kwalbati kuma. Ban gama tunanin ba sai ƙara ta tashi, ta-ta-ta-ta, ta tsaya, ta sake tashi. Ke dai bari. Wallahi har ƙurar nan na ji a idona. Mai injin yana magana daga wani ɗaki, "Mama, kada ki motsa." Ban motsa ba. Ai ni na iya wannan, an koya mini a hanyar Ruma.

Da aka fito da ni ya ce, "Mama, yau kin fi kowa natsuwa." Na ce na gode. Bai san kalmar shahada na yi ta yi ba, kuma bai san a cikin ramin nan na yi wa kaina alkawari ko za a yanka ni ba zan sake shiga ba. Ban gaya wa babanku ba, ban gaya wa Goggo ba. Mace da 'ya'ya shida ta ce tana tsoron inji? Na haɗiye abina.

Suka ba mu wata ƙatuwar ambulan, ciki da baƙaƙen takardu masu sheƙi. Likita ta ɗora su a jikin fitila ta nuna mini da biro. Ta ce, "Kin ga nan? Shi ne, ya kai ƙwan kaza." Sannan ta mayar da su ta miƙo mini da hannu biyu ta ce, "Ki adana wannan yadda ake adana takardar gona. Duk ran da za ki dawo wurina, ki zo da shi."

Maganar gashi ba sai na ja ta ba. Haka suke kiran maganin, wani inji ne ke haska wurin ciwon kullum har ya ƙone shi, ga kuma ruwan magani da ake ɗaura wa mutum a hannu. Kin ga yadda na dawo, wuya kamar muciya, ko ƙamshin miya ba na so. Amma jini ya tsaya cak. Ran da za a sallame mu likita ta zaunar da ni da babanku ta ce, "Bayan wata uku ki dawo a sake hoto. Gashi yana ci gaba da aiki a jiki ko bayan an gama, shi ya sa ba ma ɗauka yanzu. Hoton ne zai gaya mana ko ciwon ya tafi duka ko ya bar saura. Idona da hannuna ba sa kaiwa can ciki." Na ce to, da bakina na ce to.

Muka dawo gida, jiki ya fara murmurewa. Na koma daka, na koma surfe, kumatu suka fito. Mata suka yi ta zuwa barka, har daga Wagini aka zo. Ran wata Juma'a na toya waina aka raba sadaka, unguwa duk ta shaida Rabi ta warke. Da wata uku ya cika, babanku ya same ni ina tankaɗe.

Ya ce, "Rabi, ba wannan watan ne likita ta ce mu koma ba?"

Na ce, "Haba Malam, kai da kake karantar da mutane? Allah Ya ba ni lafiya, mun yi sadaka, kowa ya ci ya yi addu'a, sai kuma mu koma muna leƙen aikin Ubangiji kamar ba mu yarda da Shi ba?"

Kin san babanku, ba ya son hayaniya. Ya sa takalmansa ya fita. Bayan wata guda ya sake tayar da maganar, na kawo masa ta hanya: ana tare motoci, ana kwasar mutane, ga tsadar mai, in bar yara da wa? Duk gaskiya ne abin da na faɗa, ba ƙarya ko ɗaya. Amma ba shi ne dalilina ba. Dalilina ramin nan ne da ƙararsa. Tsoro ne tsagwaronsa na ɗauko na sa masa rigar tawakkali, don na san in na shigo da sunan Allah ba mai iya ja da ni.

Wannan kuskuren ya fi na farko muni, don na farko jahilci ne, wannan kuwa da sanina na yi. Ki ji ni da kyau. Jin sauƙi daban, warkewa daban. Ciwon nan yana iya kwanciya lamo a ciki mutum na yawonsa yana cin tuwo. Wanda Ya ba ni sauƙin Shi ne Ya ba mutane basirar ƙera injin da ke ganin cikin mutum, zuwa a duba ba rashin godiya ba ne. In kuma kina jin tsoron abu, ki kira shi da sunansa, ki ce tsoro nake ji. Ba a taɓa kama kowa don ya ce haka ba. Kuma in kin fara aiki kika ga mace ta ƙi dawowa asibiti, kada ki yi saurin cewa taurin kai ne irin na mutanen ƙauye. Ja ta gefe ki tambaye ta abin da ta gani.

Yanzu na zo kan wanda ya fi ci mini rai. Na daɗe ina juya biro kafin in fara.

Su Hajo, bayan abin da ya faru, sun koma wajen Babban Duhu a ƙasar Safana da 'yan shanun da suka rage musu. Wata ranar kasuwa sai ga ta ta yi sallama, ƙwarya a kai. Na ga ta zube, idanu sun faɗa. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na tambayi shanu, na kawo mata fura. Sai da ta ga tsakar gida ba kowa ta ja ni ɗaki ta rage murya.

Ta ce, "Rabi, abin da ya same ki shi ya same ni. Jinin nan, da ruwan nan. Tun kaka."

Na ce, "Subhanallahi! Kin je asibiti?"

Ta ce, "Da me? An ce hoton da ake fara ɗauka sai an sayar da saniya. Abin da ya rage mana 'yan maruƙa ne, su yara ke kallo."

Ni kuma sarkin dabara sai na ce, "Ke Hajo, in dai hoto ne, kwantar da hankalinki. Ai ciwonmu ɗaya, kuma ni na warke. Ga nawa can ƙasan kwalla yana kwance ba ya aikin komai. Ɗauki ki kai wa likita ya duba ya ba ki magani, in kin gama kya maido."

Kin ji fa. Yadda muke ba juna aron turmi da rariya da zanen zuwa biki, haka na ɗauko hoton cikina na ba ta. A wurinmu abin da maƙwabciya take bukata kina da shi a ajiye, hana ta abin kunya ne, ballantana Hajo. Ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe a mayafinta, ta ce da harshensu, "Mi yetti, Rabi," ta yi ta sa mini albarka har ƙofar gida. Ranar na yini ina jin daɗin kaina, wai na yi taimako. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, har da wani daɗin na ji ambulan ɗin ta bar mini ɗaki, don duk sanda na buɗe kwalla sai ta tuna mini da alkawarin da na karya.

Aka kwana aka tashi, shekara ta zagayo da gama gashina har da wata biyu. Sai ƙuguna ya fara ciwo, wata safiya kuma na ga ɗan ɗigo a zane. Wannan karon ko karyawa ban yi ba na shiga wurin Goggo. Na gaya mata, na kuma haɗa da labarin kwalbati da injin, duk na zazzage. Ta riƙe haɓa.

Ta ce, "Shi ke nan? Don wannan kika zauna shekara guda kina yi wa ƙanena wa'azi?"

Na ce, "Yaya, ba ki shiga ba ne."

Ta ce, "To wannan karon tare za mu shiga, in harbi ne ya same mu mu biyu."

Haka kuwa aka yi. An gyara injin babban asibitin. Goggo ta tare wata nas ta yi mata bayani tiryan-tiryan, ni ina gefe kamar in nutse. Ashe nas ɗin 'yar Safana ce. Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Mama, ba ke kaɗai ba ce, matan wajenmu da yawa haka suke yi." Ta kai ni na ga injin tun kafin layi ya zo kaina, ta sa na saurari ƙararsa daga waje, ta toshe mini kunnuwa da wani abu mai laushi. Aka shigar da ni ta ƙafa, kaina na kusa da bakin ramin ina ganin haske. Goggo ta cire duk ƙarfen jikinta aka bar ta ta tsaya ta dafa mini goshi. Ƙarar tana nan yadda take, tsoron ma bai tafi duka ba, amma an yi an gama. Abin da na gudar wa shekara guda bai kai daɗewar dahuwar wake ba.

Da muka kai wa likita sabon hoton ta ɗora a fitila, ta duba, ta sake dubawa, sai ta miƙo hannu.

Ta ce, "Ina tsohon?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Na bayar aro."

Ta cire tabarau ta ce, "Aro? Hoton?"

Na ba ta labari. Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce gashi yana barin tabo a ciki, kuma a hoto tabo da ciwo sukan yi kama. Tana ganin wani abu, amma tana son ta ajiye tsohon kusa da sabon ta ga inda ciwon ya zauna da farko, da abin da ya canja. Tsohon kuma a waje aka ɗauka, ba su da irinsa a wurinsu. Sannan ta ce, "Ita kuma baiwar Allahn da kika ba, hotonki ba zai nuna cikinta ba, Mama. Ko ciwonku ɗaya ne, kowa da inda nasa ya kai. A nemo ta, ita ma ta zo."

Washegarin dawowarmu babanku ya hau babur ɗin haya ya nufi Babban Duhu, hanyar da mutane ke shakkar bi ko da rana tsaka. Na yini ina leƙen ƙofa. Da la'asar ya shigo da ambulan a hammata, ya zauna a tabarma, ya ƙi kallona. Na kawo ruwa bai sha ba.

Ya ce, "Rabi, sai haƙuri. Hajo ta riga mu gidan gaskiya, har an yi arba'in."

'Yarta ce ta ba shi labari. Hajo ba ta taɓa taka asibiti ba. Wurin wani mai kemis ta kai hoton ranar kasuwa, ya ɗaga shi a rana, ya juya, ya gyaɗa kai, ya ce sanyi ne ya yi mata yawa, ya ƙulla mata ƙwayoyi. Ta koma ruga tana murna tana cewa an duba hoto an ba ta magani. Duk wanda ya ce a kai ta asibiti sai ta ce ai an gama wannan. Da jiki ya yi tsanani ta kira 'yar ta ce, "Kayan Rabi na nan ƙarƙashin shimfiɗa, aro ne, a tabbata an mayar mata." Ambulan ɗin ta zo tana ƙamshin hayaƙi da man shanu, amma ko takarda ɗaya ba ta lanƙwashe ba.

Na yi kukan da ban yi ba ran da muka bar ƙauye. Ba na cewa ni na kashe ta, kwana ne ya ƙare, kuma wataƙila ko ta je an makara. Amma ni na san abin da na yi. Matar nan ta zo ƙofata da ciwonta, abin da ya kamata in ba ta ƙafata ce, in yafa mayafi in ce tashi mu je, na san hanya, na san layin da ake bi. Sai na ba ta abin da ya sa ta ga kamar ta riga ta je. Har gobe in na ji mai tallar nono a waje sai gabana ya faɗi.

Saboda haka ki kiyayi alherin da ba sani a cikinsa. Takardar asibiti da hoto da ragowar magani ba kayan aro ba ne, ko ga 'yar'uwarki ta ciki ɗaya. In za ki taimaki mace, ki raka ta. Ke ma in lokacinki ya yi ki je a yi miki gwajin bakin mahaifa tun kina lafiya lau, likita ta ce akwai shi, kuma in an kama abin tun yana tsiro ba ya kai mutum inda ya kai ni. Allurar riga-kafin ciwon nan da aka zo yi wa 'yan mata, da matan unguwa suka yi ta surutu a kai, ni da kaina na kama hannun ƙanwarki na kai ta. Wadda ta ga dama ta yi magana, na ce ta zo in nuna mata ambulan.

To, ga abin da kike jira.

Mun koma da hotuna biyu. Likita ta jera su a fitila, tsoho a dama, sabo a hagu. Ni da ban san komai ba na ga bambanci. Ƙwan kazan nan ya tafi, wurin ya motse, ta ce yawancin abin da ya rage tabo ne. Amma a gefe ɗaya, daidai bakin inda ciwon ya zauna da, akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa da bai yi mata kama da tabo ba. Ta ce hoto yana nuna wuri ne, ba ya yanke hukunci, sai an ɗebi ɗan nama an gwada. Aka ɗiba. Shekaranjiya Litinin muka je muka karɓo sakamako.

A mota muna dawowa na gama shirya abin da za a gaya miki. Na ce wa Goggo, "Yaya, in ta tambaye ki, ki ce tabo ne, ta tafi karatunta da kwanciyar hankali." Goggo ta juya ta kalli taga ta ce, "Ni na gaji da riƙe miki bakin buhu, Rabi. Yarinyar da na raina ba zan yi mata ƙarya ba. In kina iyawa ki yi da kanki." Na kwana biyu ina gwadawa a raina, na ga ba zan iya ba. Ɓoyon da na yi a baya ba wanda ya haifar mini da alheri.

Ciwon ne, ɗiyata. Ko saura ne gashi ya bari, ko dawowa ya yi, likita ta ce ba za ta iya rantsewa ba tunda ban zo a kan lokaci ba. Amma ƙarami ne, yana wuri ɗaya, bai taɓa kaluluwa ba, bai shiga mafitsara ba, hoton ƙirji ma ya fita fes. Za a yi mini aiki nan da sati uku, a cire mahaifar. Ba ta yi mini alkawarin komai ba, ni ma ban roƙe ta ta yi ba. Ta dai ce da na ƙara wata shida a gida da maganar ta canja. Ina jin tsoro, kin ga na koyi faɗa. Amma hankalina a kwance yake fiye da duk shekarar da na yi ina cewa na warke.

Yanzu kin ji gaskiya, ba a rufe ki ba. Kuma da gaskiyar a hannunki nake ce miki ki tafi. Zamanki a tsakar gidan nan ba zai rage ƙwayar gyaɗar nan ba, wanke-wanke kawai za ki ƙara yi. Jinya akwai Goggo, akwai babanku. Gurbin makarantar nan kuwa kin san wahalar da kika sha kafin ki samu, ba kuma jiranki zai yi ba. Wautata ta riga ta jawo asara ɗaya da ba ta gyaruwa, kada ki sa in ɗauki ta biyu a kaina.

Ban kuma ce ki tafi ki bar ni ba. Ran Litinin likita ta ce in ba ta lambar wayar mutum ɗaya wanda za a riƙa gaya wa komai, mai daɗi da marar daɗi, bayan aiki da bayan kowane hoto, don ta ce hotuna na gaba da yawa, shekaru za a yi ana dubawa. Babanku na zaune, Goggo na zaune. Na ce Goggo ta karanto mata taki. Likita ta ce, "Wace ce?" Na ce ɗiyata ce ta fari, unguwarzoma za ta zama. Ke za a kira. Duk ran da aka ce lokacin hoto ya yi kika ji na fara kawo maganar hanya ko ta sadaka, ki bugo waya ki matsa mini, in ta kama ki yi mini faɗa. Na yafe miki tun yanzu, duniya da lahira.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya raba ki da sharrin hanya da sharrin mutum. Allah Ya buɗa miki karatu, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga matan da za ki taɓa. Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya mu koma gonakinmu. In kin yi sallah ki sa Hajo a addu'a kafin ki sa ni.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Rabi.